Yadda Ake Shirya Tafiyar Zamiya A Dusar Ƙanƙara Cikin Ayari, Daga Kano Zuwa Duwatsun Lingen

Tun da abokai suka ga hotunan duwatsun nan farare da ƙafarsu ke cikin teku ake ta tambayata wai ta ina mutumin Kano zai fara. Toh ga shi. Wurin sunansa Lingen, a arewacin ƙasar Nowe yake, gabas da garin Turomso, kuma ba irin wajen shaƙatawar nan bane da inji ke ɗaga ka sama, da ƙafarka zaka hau dutsen da katakon zamiya a ɗaure, sannan ka sauko da zamiya kana kallon ruwa.

Na farko, haɗa ayarin. Mutum huɗu zuwa shida ya isa, in kun fi haka jiran juna kaɗai sai ya cinye muku yini. Ku naɗa amirin tafiya tun daga gida kamar yadda sunna ta koyar, amma ku sani a kan dutse maganar ɗan jagora ita ce sama da ta kowa. Ɗan jagora na gaske mai takardar shaida, ɗan wurin. Don Allah kar a ce za a rage kuɗi a nan, a rage a masauki, a rage a tsaraba.

Na biyu jiki. Mu nan babu ƙanƙara amma muna da Dala da Gwauron Dutse. Ka saka robobin ruwa a jaka ka goya, bayan asuba ka hau ka sauko ka sake hawa, ka yi wata uku a haka kafin tafiya. A can hawan mita 800 ko 1,000 a yini abu ne da aka saba, kuma daga bakin teku ake fara lissafi, babu motar da zata rage maka rabi. Zamiyar kanta kuwa sai ka koya a filin koyo, kwana da kwanaki kana faɗuwa kana tashi, kafin ka doshi dutsen da ba a gyara ba. Wanda bai iya tsayawa da juyawa ba ya haƙura da wannan shekarar, babu kunya a ciki.

Lokaci, Maris zuwa Mayu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana bata fitowa sam a yankin, daga wajen 20 ga Mayu kuma bata faɗuwa, don haka ku duba kalanda kar ku faɗa cikin azumi ba shiri. Akwai masallacin Alnor a Turomso, ku tsaya ku karɓi jadawalin salla a wajensu.

Bizar Shengen zaka nema, ka fara da wuri. Jirgi zuwa Oslo, daga nan kamar awa biyu zuwa Turomso, sai mota, sai jirgin fito na kamar minti 20 ya tsallakar da ku. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, ba a shiga ƙasar da nama daga wajenmu, a filin jirgi za a ƙwace. Kifi kuwa ga shi nan birjik.

Sutura. Duk abin da aka yi da auduga ka ajiye shi, singileti ne ko shadda, domin yana shan gumi ya riƙe, da ka tsaya hutawa sai ya koma kamar an watsa maka ruwan randa cikin hunturu, sanyin can kuwa wallahi ba sa'an namu bane. Rigar ulu a jikin fata, mai kauri a kai, sai jaket mai tare iska. Safar hannu biyu, baƙin tabarau, fulas na shayi, dabino da gyaɗa a aljihu. Katakon da takalmin da fatar da ake mannawa a ƙarƙashinsa don kar ya koma da kai baya wajen hawa, duk a can ake haya.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, zaftarewar ƙanƙara. Kowa, ban ce wasu ba, kowa sai ya ɗaura na'urar nema a ƙirjinsa, wadda ke nuna inda mutum yake in ƙanƙara ta binne shi, ya saka shebur da doguwar sandar caka ƙanƙara a jaka. In ƙanƙara ta binne mutum minti 15 na farko su ne rayuwarsa, kaga kenan ba masu ceto daga gari zasu tono shi ba, ku ne, abokan da kuka ci tuwo tare. Don haka ranar farko ku ɓatar da ita wajen gwaji, a binne jaka da na'ura a ciki, kowa ya nemo ya tono har hannunsa ya saba. Kullum da safe a duba shafin intanet na Varsom, nan hukuma ke fitar da matakin haɗari daga 1 zuwa 5, kuma 3 ɗin da ke tsakiya kar ta ruɗe ka, a ita mutane da yawa ke halaka. Gangaren da ya kai digiri 30 zuwa sama shi ke zaftarewa. A irinsa ɗaya bayan ɗaya ake bi, sauran su tsaya a gefe idonsu na kansa har ya tsallake.

Kuma ku yi alkawari tun a Kano, a gaban juna, cewa duk wanda ya ce a juya to an juya, ko shi ne ƙarami, ko saura kaɗan a kai ƙololuwa. Mu da kunyar yaya da babban aboki, sai yaro ya daina jin yatsunsa amma ya yi shiru don kar a ce shi ya ɓata tafiya. Amir ya riƙa tambayar kowa da sunansa duk inda aka tsaya shan shayi. Lambar gaggawa 112 ce, wayar kuma a aljihun ciki kusa da ɗumin jiki saboda sanyi na zuƙe caji, amma nesa da na'urar nema kamar taƙi guda don kar ta rikita ta.