Yadda Ake Gasa Latas a Ci da Miyar Salak ta Gida

Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin jin cewa ana ɗora latas a kan wuta, tunda ganye ne da kowa ya san shi da saurin yaushi. Asalin wannan salak, wanda gidajen cin gasasshen nama na Amurka suka yi suna da shi, ɗanye ake cinsa, kuma ba a yayyanka shi ƙanana: ana raba ƙullin latas mai dunƙulewa kamar kabeji gida 4, kowane yanki ya zauna da kaurinsa kamar ɓarin kankana. Wannan kaurin ne yake ba shi damar jure wuta. Abin da ake nema shi ne fuskar da wuƙa ta bi ta ɗan babbake ta ɗauki ƙamshin hayaƙi, cikin kuwa ya tsaya da sanyinsa da garas-garas ɗinsa.

Da miyar ake farawa, domin tana buƙatar ta huta. A zuba rabin kofi na mayonis da rabin kofi na yogot marar sukari a kwano, a ƙara babban cokali 2 na ruwan lemon tsami, da tafarnuwa ƙwaya 1 da aka daka ta yi laushi, da ɗan gishiri da masoro. A marmasa kimanin giram 60 na cuku mai shuɗin zane a ciki, wato wanda Turawa ke kira blue cheese, wanda shi ne aka saba haɗa wannan salak da shi, amma kada a dama shi har ya narke, gara a bar gutsattsarinsa. Idan miyar ta yi kauri, a sassauta ta da madara cokali-cokali har sai ta riƙa zuba daga cokali a hankali, saboda miyar da ta cika kauri a saman ganye take tsayawa, ba ta gangarawa cikin saƙo-saƙonsa. A rufe a sa a firji na minti 30, tafarnuwar ta saki jiki. Wanda ƙarfin wannan cuku ya yi masa yawa, a maimakon wannan miyar zai iya kaɗa man zaitun cokali 3 da ruwan khal (wato vinegar) cokali 1 da ƙaramin cokali na mustad, wani kwaɓaɓɓen kayan ɗanɗano mai ɗan yaji, wanda shi ne yake riƙe man da ruwan kada su rabu.

Wajen zaɓen latas, a nemi nau'in nan mai dunƙulewa kamar kabeji, wanda yake da nauyi a hannu kuma ganyensa a matse. A cire ganyen waje da ya yi yaushi, a datse baƙin da ke gindinsa kaɗan kawai, sannan a raba shi ta yadda kowane yanki zai tafi da rabonsa na gindin. Ranar da na fara gwadawa na cire gindin gaba ɗaya kamar yadda na saba, kuma ina juya yankin farko ganyen ya warwatse ya zube cikin garwashi.

Bayan an wanke, sai a kife yankunan a kan tsumma mai tsabta su tsane sosai, a mayar da su firji. A nan ne nake ganin aka fi yin sakaci. Fiye da kashi 90 cikin 100 na latas ruwa ne, don haka duk ɗigon da ya saura a jikinsa tururi zai zama, ganyen ya dahu maimakon ya gasu. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a barbaɗa gishiri sai an sauke, domin gishiri yana jawo ruwan ganye waje.

Wutar dole ta yi ƙarfi. A bari garwashi ya ruru har toka ta fara rufe shi, a goge wayar gashin a shafa mata mai. Idan aka ɗaga tafin hannu a samanta aka kasa jurewa fiye da daƙiƙa 2 ko 3, to ta yi. A shafa man zaitun a fuskoki biyun da aka yanka, a ɗora ɗaya a kan wayar, a bar ta ba taɓawa na minti 1 zuwa 2, har a ji tana ƙara, bakin ganyen ya yi ruwan ƙasa, zanen wayar ya fito. A juya ɗaya fuskar a yi mata haka. Bayan yankin, wato ɓangaren da ya lanƙwasa, ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Raunanniyar wuta ita ce take ɓata aikin, domin kafin waje ya yi launi zafi ya riga ya ratsa ciki.

Da an sauke, a ɗora kowane yanki a farantinsa, a barbaɗa gishiri, a kwarara miyar mai sanyi ta bi tsakanin ganyen, a watsa yankakken tumatir da albasa da siraran naman da aka soya ya yi ƙaras-ƙaras. Da wuƙa da cokali mai yatsu ake cinsa, kuma nan take. Ragowar miyar za ta yi kwana 3 a firji cikin rufaffen mazubi, amma gasasshen latas ba ya jira, don haka a gasa iya yankunan da za a ci a zaman.