Idan ƙofar injin wanki ta ƙi buɗewa

'Yan uwa, don Allah kada ku finciki hannun ƙofar, roba ce, nan da nan take karyewa. Ku cire filogi tukuna, ku jira kamar minti 5, makullin yakan saki idan ya huce. In ya ƙi, ku leƙa gilashin: matuƙar akwai ruwa a ciki ba zai buɗe ba. Ku buɗe ƙaramin murfin nan na ƙasa, ku shimfiɗa tsumma, ku tara roba, ku murɗa matatar da ke bayan murfin a hankali ruwan ya tsiyaye. Ni safar jariri na tarar ta toshe tawa. Idan LG ne yana nuna dE, wato alamar matsalar ƙofa, ku duba ko gefen zani ya maƙale a bakin ƙofa. In ba haka ba, wataƙila makullin ya ƙone, sai mai gyara.