Yadda Ake Daidaita Jadawalin Jiragen Sama Idan Ya Rikice

Idan jirgi ya makara da awa biyu da safe, duk sawun da zai yi a ranar sun makara tare da shi. Matuƙan da suka sauko da shi wataƙila wani jirgin ke jiransu, cikin fasinjojin kuma akwai masu canjin jirgi. Duk wanda aka zaunar a ɗakin kula da zirga-zirgar kamfani, aikinsa shi ne ya tsinke wannan sarƙa kafin ta kai dare. Ga yadda nake bi, kuma haka nake koya wa sababbin shiga.

Da farko ka san yadda aka gina abin da ya rushe. Ana tsara jadawali watanni kafin ranar tashi, mataki bayan mataki: lokutan sawu, irin jirgin da zai yi kowane sawu, hanyar da kowane jirgi zai bi har ya dace da ranar duba lafiyarsa, sannan a ɗinka sawu-sawu su zama zagayen aikin ma'aikatan jirgi, wato matuƙa da masu kula da fasinja. Tun 1956 wasu masu bincike biyu, Ferguson da George Dantzig, suka rubuta yadda za a raba jirage a kan hanyoyi da lissafi. Zagayen ma'aikata ya fi wuya, domin hanyoyin haɗa su kan kai biliyoyi. Dabarar ita ce a fara da 'yan kaɗan, kwamfuta ta sa wa kowane sawu farashi, ta nemo sabon zagayen da zai rage kuɗi, ta ƙara shi, ta maimaita har a rasa mai ragewa. Masu tsarawa suna da makonni. Kai mintuna gare ka.

Abin da nake fara rubutawa shi ne safiyar gobe: jirage nawa, kuma wane iri, ya kamata su kwana a kowane fili, wanne ne dole ya isa hannun injiniyoyi a daren nan. Daga nan nake lissafi baya-baya. Wanda ya tsaya gyara sawun da ke gabansa kawai zai ceci la'asar, ya wayi gari jiragensa suna inda ba a buƙatarsu.

Sai ma'aikata, kuma a nan nake ɓata mafi yawan lokacina. Jirgi mai lafiya zai iya ƙara sawu, amma agogon matuƙi doka ce ta kafa shi. A Amurka, ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2014 ta ce matuƙi ya samu hutun aƙalla awa 10 kafin ya kama aiki, kuma tsawon aikinsa na yini yana raguwa gwargwadon lokacin da ya fara da yawan sawunsa. Saboda haka jinkirin minti 40 na iya zama soke tashi idan ya faɗa kan matuƙin da lokacinsa ya zo ƙarshe. Ka tabbatar ka san inda kowa yake a zahiri, ba inda takarda ta ce yake ba. A Disambar 2022, bayan guguwar dusar ƙanƙara, kamfanin jiragen Southwest na Amurka ya soke sawu fiye da 16,000. Jiragen suna nan, amma haɗa su da ma'aikata ya gagara, daga baya gwamnati ta ci shi tarar dala miliyan 140. Kamfanin jiragen Delta ma, bayan tangarɗar manhajar tsaron kwamfuta ta CrowdStrike ta 19 ga Yulin 2024, ya soke kusan sawu 7,000 cikin kwana biyar, kuma manhajar bin diddigin ma'aikata ce ta fi ja masa lokaci. Lissafi komai kyansa, idan aka ba shi labarin ƙarya, amsar banza zai bayar.

Bayan haka ka sa wa kowane mataki kuɗi. Matakan ba su da yawa: jinkirtawa, musayar jirage, sokewa, tura jirgi babu fasinja, ɗaukar ma'aikata a kujerar fasinja zuwa inda ake neman su, ko kiran 'yan ko-ta-kwana. A Tarayyar Turai diyyar fasinja tana kamawa daga yuro 250 zuwa 600, kuma tana hawa kan kamfani idan an isa a makare da awa 3 ko fiye, sai in dalilin ya fi ƙarfinsa. Kenan minti na 179 da na 181 ba farashinsu ɗaya ba. Akwai kuma abin da ba shi da farashi sam: a filin jirgin Frankfurt na Jamus an hana sawun jadawali daga 11 na dare zuwa 5 na asuba. Irin wannan iyaka ce, kada ka bar manhajar gyaran jadawali ta yi ciniki a kanta.

Ita manhajar, taswira take zanawa ta wuri da lokaci. Kowane sawu ana yi masa kwafe-kwafe, ɗaya a kan lokacinsa, wani bayan minti 15, wani bayan 30, haka dai. Sharaɗin shi ne a zaɓi kwafi ɗaya tak ko a soke sawun, kuma jirgin da ya sauka a fili daga nan zai tashi. Wannan sharaɗi na biyu ne ya sa nake sokewa bibbiyu, zuwa da dawowa daga babbar mahaɗa, wato filin da yawancin sawun kamfani ke haɗuwa. Jirgin ya zauna inda yake, ma'aikatansa ma haka, sauran yinin bai taɓu ba. Na fi zaɓar hanyar da ake yi mata sawu da yawa a rana, don fasinjojinta su samu gurbi a na gaba.

Kada ka jira amsar da ta fi kowace kyau. Kafin ta fito, yanayin ya canza. Ka ba manhaja 'yan mintuna, ka taƙaita ta ga jiragen da abin ya shafa da wasu 'yan kaɗan na musaya, ka kuma sa tara a kan kowane canji, in ba haka ba za ta juya jirage ashirin don ta rage 'yan kuɗi, ta bar ka da kiran wayar da ba za ka gama ba. Ni zaɓi biyu ko uku nake so a gabana, in duba da idona. Kamfanin Continental ya nuna amfanin saurin: manhajarsa ta sake tsara aikin ma'aikata, CrewSolver, ta taimaka masa ya farfaɗo bayan harin 11 ga Satumbar 2001, aikin ya ci kyautar Franz Edelman, wadda ake ba masu warware matsalolin aiki da lissafi, a 2002.

A al'ada jirage ake fara gyarawa, sai ma'aikata, fasinja a ƙarshe, shi ya sa su ke shan wahalar. Kafin ka amince da tsari, duba masu canjin jirgi. Riƙe sawun ƙarshe na dare minti 20 don mutum talatin su same shi ya fi sauƙi a kan kama musu otal.

Idan ƙura ta lafa, kai wa masu tsara jadawali jerin wuraren da jinkiri ya yaɗu. Roƙona gare su kullum biyu ne: su bar matuƙa tare da jirginsu muddin zai yiwu, kuma su ɗebe rarar mintuna daga inda ba a taɓa makara ba, su zuba ta gaban sawun da ke yawan jawo na bayansa.