Yadda za ka bi sawun shari'ar da a Katsina

In kana son sanin yadda ake hukunta mai laifi a zamanin da, malam ajiye wayar nan ka taka zuwa hasumiyar Gobarau, can ne cibiyar karatun garin a da, fikihun Malikiyya ake koyarwa kuma da shi alƙalai ke yanke hukunci, irin su Ɗan Takum da ya rasu wajajen 1529. Daga nan sai ƙofar fada, nemi dattijo ka durƙusa ka gaishe shi, kar ka yi gaggawa, ka tambayi aikin dogarai da Yari mai tsaron fursuna da Hauni mai sare kai, tabɗi! Tambayi mari, wato ƙarfen ɗaure ƙafa, da turu, gungumen da ake ɗaure ƙafar fursuna a jiki, su ma. Shi kisa dai a wancan zamanin sai da yardar sarki.