Yadda Ake Gano Sauyin Ruwan Sama da Ƙafewar Ruwa Daga Bayanan Tashar Yanayi

Duk mai son sanin ko ruwan damina yana ƙaruwa ko raguwa a yankinsu, sai ya nemi bayanan tashar yanayi mafi kusa na aƙalla shekara 30, domin shi ne adadin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta ɗauka a matsayin ma'auni. A Najeriya NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, ce ke ajiye su, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai kuwa tana tattara na ƙasashen Sahel.

Kafin lissafi, a fara tace bayanan. Gurbin da aka bari babu rubutu ba sifili ba ne, wataƙila ma'aikacin ne bai duba ma'aunin ruwan sama ba a ranar, kuma idan watan Agusta ne ya ɓace, gara a jingine shekarar gaba ɗaya. A bincika kuma ko an taɓa matsar da tashar.

Daga nan a haɗa milimitocin kowace shekara, a fitar da matsakaicin shekara biyar-biyar, a zana su a jadawali. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne shekarar farawa. Wanda ya fara daga shekarun 1950, lokacin da ruwa ya wadata a Sahel, zai ga raguwa mai tsanani saboda farin 1972 zuwa 1973 da na 1984, wanda ya fara daga 1984 kuwa hauhawa kawai zai gani. A ganina, a ɗauki duk tsawon bayanan, sannan a ƙirga kwanakin da aka yi ruwa, domin ruwan da ya zuba a mamako uku ba ɗaya yake ba wurin manomin gero da wanda ya rarrabu cikin wata.

Ƙafewar ruwa kuwa da daron ƙarfe ake auna ta, mai faɗin santimita 120.7 da zurfin santimita 25, ana duba abin da ya ragu kowace safiya tare da lissafin ruwan saman da ya faɗa ciki. Tun da ƙarfe yana ɗaukar zafi, akan ninka sakamakon da kusan 0.7 kafin a kwatanta shi da na tafki. A yi hattara da ranakun da daron ya tumbatsa, ko awaki suka sha daga ciki. Sannan a jera ruwan sama da ƙafewa wata-wata, Afrilu da Afrilu, Agusta da Agusta, don a ga watannin da ƙasa ke samun rara da waɗanda take gibi.