Darasi na Bakwai: Shiga Ƙungiyar Ƙwadago, Wa Ke da Ta Cewa?

Jama'a, a yau maganar ƙungiyar ƙwadago za mu yi, domin da yawa daga cikinku kuna aiki a kamfani ko gidan burodi ko makarantar kuɗi, kuma akwai wanda oga ya taɓa ce wa "duk ranar da na ji ka shiga ƙungiya to a bakin aikinka", shi kuma ya yi shiru don bai san doka tana bayansa ba.

To ku saurara da kyau. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta don kare muradunsa. Kowane mutum aka ce, ba a ware lebura ko mai shara ko wanda bai iya karatu ba. Sannan dokar ƙwadago, sashe na 9, ta hana mai kamfani ya sa maka sharaɗi wajen ɗaukar aiki cewa ba za ka shiga ƙungiya ba, kuma ba shi da hurumin korarka saboda kai mamba ne, ko saboda ka je taron ƙungiya bayan an tashi aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005 ya ce shiga ganin dama ce, ba a tilasta wa kowa, ba a kuma muzguna wa wanda ya ƙi shiga ko ya fita. Kenan oga ba zai hana ka ba, shugabannin ƙungiya ma ba za su ja ka da ƙarfi ba. Waɗanda doka ta cire su ne irin sojoji da 'yan sanda da kwastan da ma'aikatan shige da fice da na gidan gyaran hali.

Me ƙungiya take tsinana wa mutum? Mu a Kaduna ba sai an ba mu labari ba. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a nan garin take, a cikinta Adams Oshiomhole ya yi babban sakatare kafin ya shugabanci NLC, wato babbar haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, aka kwashe shekaru ana bin haƙƙin ma'aikatanta, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Wannan ya nuna mana ƙungiya ba ta iya hana kamfani durƙushewa, amma fa ku duba, mutum ɗaya da ya koma ƙauye ba shi da kuɗin lauya, wa zai ci gaba da bin garatutinsa in ba taron 'yan uwansa ba? Tsintsiya ai sai a ɗaure take shara. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ma da ciniki tsakanin gwamnati da NLC da TUC, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar manyan ma'aikata, aka same shi.

Amma kada ku shiga da ka. Akwai kuɗin ƙungiya da ake cirewa daga albashi duk wata, ka tambaya nawa ne, ka duba takardar albashinka ka ga ko abin da aka faɗa shi aka cire, in kuma kana so a daina cirewa doka ta ce a rubuce za ka sanar. Ka tambaya ko ƙungiyar tana da rajista, don a ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ake yin rajistar kuma sai da mutum 50 aƙalla, in ba ta da rajista to ba lallai mai kamfani ya zauna da ita ba. Ka tambaya yaushe aka yi zaɓen shugabanni na ƙarshe, suna karanta wa mambobi lissafin kuɗi kuwa, wane ma'aikaci suka taɓa tsaya wa da aka kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Ni dai a ganina shugaban da ya ɓata rai don an yi masa waɗannan tambayoyi bai cancanci sisin kwabonka ba. Sai maganar yajin aiki, wadda mutane ke mantawa har sai ta zo, doka ta yarda a ƙi biyan albashin kwanakin da aka yi ana yaji, saboda haka mai iyali ya san da wannan tun kafin ya ɗaga hannu, ya kuma yi shawara da mutanen gidansa.

In aka kore ka saboda ƙungiya, kada ka tsaya cacar baki a bakin get. Ka adana takardar ɗaukar aiki da ta sallama da takardun albashi, ka kai wa reshen ƙungiyarku ko ofishin ƙwadago, in abin ya ƙi sai kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a nan Kaduna.

Aikin gida: kowa ya rubuto tambayoyi uku da zai yi wa shugaban ƙungiya a wurin aikinsa, wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya faɗa wa abokin zamansa ya taya shi rubutawa, mako mai zuwa za mu karanta su a aji.