Yadda na gyara toshewar membaran a matatarmu ta Yamai

Alhamdu lillahi, ruwa ya dawo. Sati 3 ke nan matatar ruwan ƙazanta ta masaukin baƙin da nake aiki tana ba ni wahala: matsin tsotso ruwa ta cikin membaran (wato matacin mai ƙananan ramuka da ke tace ruwan) ya tashi daga bar 0.1 zuwa 0.4 (bar ma'aunin matsi ne), ruwan da ke fita ya ragu da rabi.

Da farko na zargi famfo, na kwance shi, lafiyarsa lau. Na wanke membaran da ruwan jabel (bilic), kwana 2 matsala ta dawo.

Sai na leƙa tankin, na ga kumfar iska gefe ɗaya kawai take tashi. Laka ta toshe bututun iskar da ke ƙarƙashin membaran, alhali iskar nan ita ce ke karkaɗe dattin da ke manne masa. Na kashe injin, na ciro bututun, na buɗe ramukan ɗaya bayan ɗaya, na ɗauraye. Na rage lakar tankin daga giram 15 a lita zuwa 10. Daga nan na jiƙa membaran awa 2 cikin jabel, miligiram 1000 a lita, na ɗauraye sosai (kada jabel ya haɗu da asid, iskarsa guba ce), sannan na jiƙa shi cikin asid sitirik, pH (ma'aunin tsami) 2.5, saboda farin ɓawon da ya daskare.

Matsi ya sauka zuwa 0.12. Na gode wa yaron aikina da ya kwana tare da ni.